Raƙuman Dawa na Dutsen Dabus

A ƙasar Azbin, arewa da birnin Agadas da misalin kilomita 110, akwai wani dutse da ake kira Dabus. Ba wani babban dutse ba ne. Wanda ya saba ganin Dala da Goron Dutse, balle Kwatarkwashi, ba zai ko ɗaga kai ya dube shi ba, gama tsayinsa bai wuce ƙafa 50 ba, kuma babu gari kusa da shi, sai ƙaya da tsakuwa da rairayi. Amma a bisa gadon bayansa akwai siffar raƙuman dawa guda biyu waɗanda mutanen farko suka sassaƙa a jikin dutsen. Babban ya kai ƙafa 18 daga ƙaho zuwa kofato, watau girman raƙumin dawa mai rai ke nan sosai. A cikin dukkan sassaƙe-sassaƙen dutse da aka gano a Sahara, kaɗan ne suka kama ƙafarsa wajen girma da kyaun aiki.

An buga wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu su san abin da ke wurin, da yadda ake zuwa, da ladabin da ya wajaba a kan mai ziyara. Akwai kuma wani dalili. Irin waɗannan duwatsu ba a Azbin kaɗai suke ba, akwai danginsu a ƙasashen sarakunan Arewa, kuma abin da ya sami Dabus sa'ad da sunansa ya fita duniya yana iya samun kowane ɗayansu.

HANYA

Mai tashi daga Kano yakan bi ta Daura ya shiga Nijar, ya kwana Damagaram, sa'an nan ya miƙe arewa ta Tanut har Agadas. Daga Damagaram zuwa Agadas tafiyar kilomita wajen 450 ce. Mai tashi daga Sakkwato kuwa sai ya bi ta Birnin Ƙonni da Tawa da Abalak. Hanyar farko kusan ita ce wadda ayarin Azbinawa ke bi tun dā, su kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da turkuɗi. Saboda wannan tsohuwar hulɗa Bahaushe ba ya zama kurma a Agadas, da Hausa ake ciniki a kasuwarta. Tsohon garin, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa wadda ta kai mita 27, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013, ya kuwa cancanci mutum ya ba shi yini guda.

Daga Agadas sai a kama hanyar Arlit, garin da aka fara haƙar yuraniyam a 1971. Dabus na nan kusan tsakiyar tafiya, kilomita kaɗan daga bakin titi. Wanda bai san wurin ba zai wuce shi, domin daga ƙasa ba a ganin raƙuman ko kaɗan, sai an hau dutsen.

Tilas a faɗi gaskiya a kan sha'anin tsaro. An yi tawaye a arewacin Nijar daga 1990 zuwa 1995, aka sake yin wani daga 2007 zuwa 2009, a 2010 kuma aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Tun daga nan baƙi masu yawon buɗe ido suka ja baya ƙwarai. An rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har cikin 2024, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Janairun 2025. Saboda haka duk mai niyyar tafiya ya fara tambaya a kan takardun da ake bukata, in ya isa Agadas ya kai kansa ga hukuma, ya nemi izini da ja-gora ɗan ƙasa. In suka ce hanya ba ta da kyau, ya haƙura. Dutsen ba ya zuwa ko'ina.

Lokacin ɗari ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara dutsen yakan yi zafin da ba a iya taka shi. A tafi da ruwa fiye da yadda aka zaci za a sha, da bargo, gama sanyin dare a can ba irin na gida ba ne.

ABIN DA KE BISA DUTSEN

Fuskar dutsen da aka yi aikin a kanta ba a tsaye take kamar bango ba, a kishingiɗe take, ta ɗan karkata. Babban raƙumin, wanda ake ɗauka namiji ne, shi ne a gaba. Ƙaramin, watakila mace, yana bayansa. Wanda ya isa da tsakar rana zai ce an ruɗe shi, domin rana in tana tsaka ba ta barin inuwa a cikin layukan, sai siffar ta ɓace cikin launin dutse. Da hantsi ko da la'asar sakaliya, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe, sai kowane layi ya cika da inuwa, dabbar ta fito kamar za ta ɗaga ƙafa. Don haka masu hankali sukan kwana kusa, su hau da sassafe.

Abin da ya fi ba mutum mamaki shi ne yawan lura. Roɗi-roɗin jikin nan an fitar da su ɗaya bayan ɗaya, tun daga wuya har cinya, ba a yi ha'inci an bar wani gefe ba. Ga kunnuwa, ga 'yan ƙahoni, ga gezar wuya, ga gaɓoɓin ƙafa kowace a inda Allah ya ajiye ta. Dabba mai tsawon ƙafa 18 kuwa, mai sassaƙa ba ya iya ganinta duka sa'ad da yake durƙushe a kanta yana aiki, amma duk da haka wuya bai fi ƙarfin jiki ba, ƙafafu ba su gaza ba. Wannan ba aikin wanda ya ji labarin raƙumin dawa ba ne. Aikin wanda ya daɗe yana kallonsa ne, ya ga tafiyarsa, ya ga kiwonsa, mai yiwuwa ma ya feɗe shi.

Daga bakin kowane raƙumi akwai wani siririn layi da ya sauko yana lanƙwasa, ya ƙare ga siffar wani ɗan ƙanƙanen mutum. Masana sun yi ta gardama a kansa. Waɗansu sun ce igiya ce, watau an kama dabbar da tarko ko ana ƙoƙarin sabar da ita. Waɗansu sun ce alama ce ta wata dangantaka da mutanen suka ɗauka akwai tsakaninsu da dabbar, ko wata tatsuniya tasu, ko roƙon ruwa. Abin da ya tabbata shi ne ba a Dabus kaɗai aka ga wannan layi ba, akwai shi a duwatsu da yawa cikin Sahara, wuraren da ke nesa da juna. Ashe ba wasan mutum ɗaya ba ne, wani abu ne da jama'a mai yawa ta sani, ta kuma fahimta da gani ɗaya.

Dutsen irin mai yashi-yashi ne, kamar wanda ake wasa wuƙa da shi, ya fi dutsen Dala laushi. Masu aikin ba su da ƙarfe. Da dutse mai tauri, irin su ƙanƙara, suka yi ta ƙwanƙwasa layin har ya zurfafa, sa'an nan suka kankare, suka goge har ya yi santsi. Wanda ya taɓa ganin abin nan da manoma ke tsinta a gona suna kira gatarin aradu ya ga irin kayan aikin mutanen wancan zamani. Ba aradu ce ta jefo shi ba, hannun ɗan Adam ne ya wasa shi. A auna wahalar sassaƙa turmi da gizago mai kaifi, sa'an nan a auna ta wanda zai sassaƙa dutse da dutse. Mutanen da suka iya ba da kwanaki masu yawa ga aikin da ba ya kawo abinci, lalle ba mayunwata ba ne.

Raƙuman nan biyu su ne suka yi suna, amma ba su kaɗai ba ne. An ƙirga siffofi fiye da 800 a duwatsun da ke kewaye, galibinsu na dabbobi: shanu, da jiminu, da barewa da danginta, da zakuna, da karkanda, da waɗansu raƙuman dawa ƙanana, da raƙuman hawa. Akwai siffofin mutane, akwai kuma rubutun Tifinar, watau baƙaƙen Azbinawa waɗanda har yanzu suke rubutu da su.

ME YA KAI RAƘUMIN DAWA HAMADA?

Ita ce tambayar da kowa ke yi in ya sauko ya dubi ƙasar. Raƙumin dawa ganyen itatuwa yake ci, na gawo da farar ƙaya da makamantansu, kuma cinsa ba kaɗan ba ne. Karkanda na son ruwa da taɓo. Shanu ba sa rayuwa sai da ciyawa da mashaya. Ƙasar da ke kewaye da Dabus a yau ba ta iya riƙe ko ɗaya daga cikinsu.

Amsar ita ce Sahara ba kullum take hamada ba. Masana sun gano cewa tafiyar duniya a kewayen rana takan ɗan sāke a hankali, ta dawo yadda take bayan shekara 20,000 da 'yan kai. Akwai lokacin da wannan sākewa kan sa ranar bazara ta ƙara ƙarfi a arewa, ita kuwa ta jawo iskar damina daga teku ta kai ta can cikin ƙasa, nesa da inda take tsayawa yanzu. Haka aka yi daga wajen shekara 11,000 da suka wuce zuwa wajen 5,000. A wannan zamani ƙoramun Azbin na gudu, Tenere daji ne mai ciyawa da tafkuna, Tafkin Chadi kuwa ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, fiye da sulusin ƙasar Nijeriya duka.

Ba dutse kaɗai ya ba da wannan shaida ba. A shekarar 2000 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin wani Ba'amurke, Paul Sereno, tana neman ƙasusuwan manyan dabbobin dā a Tenere, sai ta yi kiciɓis da wata makabarta a wani wuri da ake kira Gobero, a gaɓar wani tafki da ya ƙafe. An sami kaburbura wajen 200. An sami zago da ƙugiya na ƙashi, da ƙasusuwan giwar ruwa da kada da dorina. An sami wata yarinya da awarwaro na hauren dorina a damtsenta, da wata mace da yara biyu an binne su suna rungume da juna. Masunta ke nan a inda yau tsuntsu ma ba ya samun abin jiƙa maƙoshi.

Sa'ad da damina ta fara ja da baya, dabbobi da masu kiwo suka bi ta kudu sannu a hankali. Raƙumin dawa ya daɗe yana ja da baya, har ya zama a duk Afirka ta Yamma babu sauran garke sai ɗaya, a wajen Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da aka tsare su suka hayayyafa, suka wuce 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji. Wanda ya ga na Kure ya ga jikokin irin waɗanda aka sassaƙa a Dabus.

SHEKARUN AIKIN

Yawancin littattafai sun ba raƙuman shekara 6,000 zuwa 8,000. Ya kamata mai karatu ya san yadda aka kai ga wannan lissafi. Awon shekaru da masana ke yi a ɗakin bincike yana bukatar abin da ya taɓa rayuwa, kamar gawayi ko ƙashi ko itace. Layin da aka sassaƙa a dutse ba shi da ko ɗaya. Sai dai a bi ta gefe, a duba irin dabbobin da aka zana da zamanin da ƙasar ke iya riƙe su, a duba salon aikin, a duba wace siffa ce ta hau kan wata. Saboda haka ne ma akwai masana da ke ganin aikin bai kai waɗannan shekaru ba.

Akwai kuma wata alama wadda ko baƙo na iya gani da idonsa. Dutsen hamada in ya daɗe a fili yakan yi wata irin fata baƙa-baƙa mai ɗan ƙyalli, wadda ƙura da raɓa ke ɗora masa cikin dubban shekaru. Sabon yanka yakan fito fari-fari. Tsohon yanka kuwa ya riga ya sake yin fata, ya koma launin dutsen. Wanda ya zaga Dabus yana lura zai ga siffofin ba sa'o'in juna ba ne. Manyan namun daji da shanu su ne magabata. Raƙumin hawa baƙo ne, bai yawaita a Sahara ba sai wajen shekara 2,000 da suka wuce, sa'ad da ƙasa ta riga ta bushe, siffofinsa kuwa sun fi haske, haka ma rubutun Tifinar. A tsakanin waɗannan akwai zamanin mutane masu māsu da dawaki. A Iwelen, can arewacin Azbin, wani Bafaranshe mai suna Jean-Pierre Roset ya tona wani tsohon mazauni a gindin duwatsu masu siffar irin waɗannan mutane, ya sami kawunan māsu na tagulla masu kama da waɗanda aka zana, awo ya nuna sun haura shekara 2,000. Nan an yi sa'a, ƙasa ta gaskata dutse.

Su wane ne masu aikin? Sun riga Azbinawa, sun riga duk wata daula da aka san sunanta a wannan yanki. Gaskiya ne Gobirawa na cewa daga Azbin kakanninsu suka taso, amma tsakanin wannan ƙaura da sassaƙar raƙuman akwai dubban shekaru, kuma kuskure ne wata kabila ta yau ta ce nata ne ita kaɗai.

YADDA SUNANSA YA FITA, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Makiyayan Azbinawa sun san dutsen tun kaka da kakanni. Turawa ma sun daɗe da sanin akwai irin wannan a Sahara, gama Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya ga siffofin shanu a duwatsun Fezzan a 1850, kan hanyarsa ta zuwa Agadas da Katsina da Kano, ya kuma gane lalle ƙasar ta taɓa samun ruwa fiye da haka. Amma Dabus bai shiga littafin masana ba sai 1987, sa'ad da wani Bafaranshe, Christian Dupuy, ya rubuta labarinsa. A 1997 David Coulson, shugaban ƙungiyar TARA mai kula da zanen duwatsun Afirka, ya ɗauki hotunansa, suka bazu a duniya.

To, dutsen da ya yi dubban shekaru ba mai gadi, rana da iska ba su ci shi ba, sai ga shi cikin 'yan shekaru ya fara nuna rauni. Baƙi na hawa su taka siffofin da takalma. Waɗansu na kankara sunayensu. Waɗansu ma sun ɓalli guntaye sun tafi da su. Ba ƙiyayya ce ta kawo yawancin wannan ba, sha'awa ce marar ladabi, kuma titi na kusa.

Da aka ga haka, a farkon 1999 ƙungiyar Bradshaw da TARA, da izinin Gwamnatin Nijar da UNESCO, suka kawo gwanaye daga Faransa su ɗauki zubin raƙuman. Sun shafa wa fuskar dutsen wani irin danƙo mai ruwa-ruwa wanda ke daskarewa ya ɗauki kowane layi, suka ɗora masa abin da zai riƙe shi, suka ɗaga shi gunduwa-gunduwa. Daga wannan aka zuba siffar da alminiyam, kamar yadda masu zubin tukwane ke yi, sai dai girma. An kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas, aka kai wata birnin Washington na Amurka. Wanda hukuma ta hana shi fita daji, ya tambayi ta Agadas. A 2000 kuma aka sa Dabus cikin jerin wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari, wanda wata ƙungiya ta birnin New York ke fitarwa.

Amma abin da ya fi zubin nan amfani ƙarami ne. An haƙa rijiya kusa da dutsen, aka sa Azbinawan wurin su zauna su yi gadi, su kuma riƙa yi wa baƙi ja-gora. Takardar doka tana can babban birni, mai gadi kuwa yana gindin dutse, kuma mutumin da ke shan ruwa albarkacin wuri ba ya barin a ɓata shi.

LADABIN MAI ZIYARA

Ya fara gai da masu gadi, ya bi inda suka nuna masa, ya sallame su da abin da ya sawwaƙa. Kada ya taka siffa, ko da takalmi ko ba takalmi. Dutse mai yashi-yashi yana cinyewa, tsakuwar da ta maƙale a tafin takalmi kuwa kamar magagari take. Kada ya shafa da hannu, gama maiƙon hannu na canza launin fatar dutsen.

Akwai waɗansu abubuwa biyu da masu ɗaukar hoto suka saba yi da kyakkyawar niyya, su ne zuba ruwa domin siffa ta fito, da bin layi da alli ko gawayi. Duka biyu ɓarna ce. Ruwa na shiga cikin dutsen ya narkar da gishirin da ke ciki, in ya bushe gishirin ya taso ya ɓamɓare fuskar. Alli da gawayi kuwa suna gurɓata fatar nan wadda masana ke dubawa, su lalata shaidar da ba a iya mayarwa. Mai son hoto mai kyau ya jira la'asar.

Kada a hura wuta a gindin dutse, zafi na fasa shi. Kada a tsinci kome, ko tsingaro ko kan kibiya na dutse ko dutsen niƙa. Abin da aka ɗauke daga inda yake ya zama kamar shaidar da aka raba da shari'arta, ba ya sauran gaya wa kowa kome. Dokar Nijar ta 1997 a kan kayan tarihi ta hana fita da irin waɗannan ba da izini ba.

Wani zai ce, ai Azbinawan dā ma sun rubuta sunayensu da gaisuwarsu a dutsen, ga shi yau ana lissafa rubutun cikin kayan tarihi, me ya sa nasa sunan zai zama laifi? Tambaya ce mai ma'ana. Amma wancan rubutu shaida ce ta zamanin da ba ta da wata takarda sai dutse, na yau kuwa yana da takarda da waya da hoto, sunansa ba ya ƙara wa kowa sani. Ban da haka ayari kaɗan ne ke wucewa a shekara, mota kuwa ba ta da iyaka. In kowane mai zuwa ya bar suna, ba a daɗe ba sai sunaye su rufe raƙuman.

Ya kamata kuma a kawar da wata shubuha. Ba wurin bauta ba ne, ba wanda ke yanka ko roƙo a wurin, masu gadinsa Musulmi ne. Ana kiyaye shi ne don shaida ce ta yadda ƙasa take a dā da yadda ta juya. Haka nan maganar da akan ji cewa alamar dutse na nuna inda aka binne dukiya ba ta da tushe. Tun da aka sami zinariya a Jado a 2014 masu haƙa suka yawaita a arewacin Nijar, irin wannan jita-jita kuwa ita ce ke sa a tone gindin dutse a banza.

ABIN DA YA SHAFI HAKIMAI

A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai duwatsu masu siffofin shanu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, waɗanda Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya bincika a tsakiyar shekarun 1950. Su da fenti aka yi su, ba sassaƙa ba, kuma a cikinsu akwai shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a wannan yanki yanzu. Kusa da su akwai duwatsun kiɗa, masu amo kamar ƙararrawa in an buga. Akwai irin wannan zane a Geji ta ƙasar Bauchi. Fenti ya fi sassaƙa saurin lalacewa, hayaƙin wutar makiyayi ɗaya ya isa ya shafe shi. Babban abin tsoro a wannan zamani kuwa shi ne masu fasa dutse domin tsakuwar gini, gama abin da takalman baƙi za su yi shekaru suna ci, nakiya na gamawa da shi kafin azahar.

Yadda labari ke bin hanyarsa in an yi daidai, ga misali. A 1987, shekarar da aka rubuta labarin Dabus, wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a ƙasar da ke cikin Jihar Yobe yanzu, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin mita 5. Bai sare shi ba. Ya gaya wa mai gari, mai gari ya kai magana gaba, har ta isa ga hukuma. A 1994 masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya ba shekara wajen 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma ɗan zamanin ruwan nan ne da aka ambata. Da mai garin ya ce itace ne kawai, da an yi girki da shi.

A Nijeriya an yi dokar kayan tarihi tun 1953, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Doka ta hana tono domin neman kayan tarihi ba da izinin hukumar ba, ta hana cinikinsu sai ga wanda aka yarje wa, ta hana fita da su waje. Amma hukumar ba ta da ido a kowane ƙauye. Dagatai da masu unguwanni da maharba da makiyaya su ne suka san kowane kogo. Zai kyautu hakimi in ya fita rangadi ya riƙa tambaya, ya kuma ja kunnen dagatai kada a bar kowa ya fara fasa wani dutse sai an zaga shi an duba.

In an sami wani abu, malamin hakimi ya je da kansa ya rubuta. Ya sa sunan dutsen yadda mutanen wurin ke kiransa, da nisansa daga gari da kuma wace nahiya, ya faɗi ko fenti ne ko sassaƙa, da launinsa, da irin dabbobin da ya gane da yawansu. Abin da bai gane ba ya ce bai gane ba, kada ya ƙaga masa suna. Ya rubuta abin da tsofaffi ke faɗi a kan wurin, da ko ana wata al'ada a can, da ko akwai masu fasa dutse kusa. In zai ɗauki hoto da waya, wani ya riƙe sanda mai tsawon da aka sani a gefen siffar ba tare da ta taɓa dutsen ba, domin mai dubawa ya gane girmanta. Kada a watsa hoton da kwatancen wurin ga jama'a tun ba a sa mai gadi ba. Takardar a yi ta biyu, ɗaya ta tafi Majalisar Sarki, ɗaya gidan tarihi mafi kusa, ko Gidan Makama a Kano, ko na Kaduna, ko na Jos, a kuma bar kwafi a ofishin hakimi da kwanan wata da sunan dagacin da aka danƙa wa amanar wurin.